Filin Park Hill a Denver: dokar da ta ce sai mutanen gari sun yarda kafin a aza tubali

A arewa maso gabashin Denver, babban birnin jihar Kolorado ta Amurka, akwai wani fili mai faɗin eka 155 da aka daɗe ana wasan golf a cikinsa, a unguwar Park Hill. Sau biyu cikin ƙasa da shekara biyu mutanen birnin suka kaɗa ƙuri'a a kansa, kuma wanda bai san tushen maganar ba sai ya ɗauka rigimar 'yan golf ce.

Tushen yana shekarar 1997, zamanin magajin gari Wellington Webb. Birnin ya biya gidauniyar Clayton, mai filin a lokacin, dala miliyan 2. Ba filin ya saya ba, haƙƙin yin gini a kansa ya saya ya ajiye. Mai fili yana nan da abinsa, ya ga dama ya sayar, amma sharaɗin hana gini yana manne da ƙasar duk hannun da ta shiga. A 2019 kamfanin Westside Investment Partners ya sayi filin a kan dala miliyan 24, da saninsa cewa sharaɗin yana nan. Lissafinsa a fili yake: tunda birni ne ke riƙe da sharaɗin, majalisar birni za ta iya warware shi.

Wannan ƙofar ce ƙungiyar Save Open Space Denver ta tashi rufewa. A Denver talakawa suna iya rubuta doka da kansu, su bi gida-gida da bakin kantuna suna tara sa hannun masu zaɓe, in adadin ya cika a ɗora ta a takardar ƙuri'a. Tasu ta fito da lamba 301 a zaɓen Nuwamban 2021. Abin da ta ƙunsa bai da yawa. Duk filin shaƙatawa na birni, da duk filin da birni ke riƙe da sharaɗin hana gini a kansa, ba za a gina gidaje ko shaguna a ciki ba, ba kuma za a soke sharaɗin ba, sai an kai maganar gaban masu zaɓen birnin gaba ɗaya sun amince.

Kamfanin bai zauna ba, ya ɗauki nauyin tasa dokar, lamba 302. Wanda ya karanta su sama-sama sai ya rantse tagwaye ne. Bambancin yana cikin ma'anar kalma guda: 302 ta ce sharaɗin da za a kare shi ne kawai wanda hukumar jiha ta tantance ta ba shi takardar rangwamen haraji. Na Park Hill ba shi da wannan takarda. Wato doka ce da za ta kare ko'ina ban da wurin da ake faɗa a kansa. Masu zaɓe sun gano: 301 ta wuce da sama da kashi 60 cikin ɗari, 302 ta faɗi.

Sai kamfanin ya bi sabuwar dokar ya nemi izini. Tayinsa ba na rainawa ba ne, gaskiya. Ya ce eka 100 za ta zama wurin shaƙatawa da sarari, sauran a gina gidaje sama da 2,500, aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na masu ƙaramin ƙarfi, da wurin kantin cefane. Wannan yanki na Park Hill tsohuwar unguwar baƙaƙen fata ce, inda kuɗin haya ke korar 'yan asali, mata kuma su yi tafiya mai nisa kafin su samu kayan miya masu kyau. Shi ya sa kan unguwar ya rabu. Wasu suka ce me ya sa mai gidan kansa a can kudancin birni zai yanke wa 'ya'yansu hukuncin inda za su kwana? Ɗaya ɓangaren, har da Webb da kansa, suka ce kuɗin harajin kowa ne ya sayi sharaɗin, kuma filin da aka zuba wa siminti ba ya dawowa. Ranar 4 ga Afrilun 2023 tayin ya faɗi, kusan kashi 59 suka ce a'a.

A nan ne mutane da dama suka yi wa dokar gurguwar fahimta. 301 tana hana gini ne kurum, ba ta mayar da filin wani ya zama na jama'a. Bayan an gama murna filin yana nan na kamfani, a killace, ciyawa ta cinye inda ake buga ƙwallo a da. Ba gida, ba wurin zaman shan iska.

Ciniki ne ya warware ƙullin. A Janairun 2025 magajin gari Mike Johnston ya sanar da musaya: birni ya karɓi Park Hill, kamfani ya karɓi eka 145 kusa da filin jirgin saman Denver. Kafin shekarar ta ƙare aka buɗe wurin ga jama'a. Gidajen nan 2,500 kuwa, sai dai a nema musu wani filin.