Ruɓaɓɓiyar gyadar da kuka tsince, ina kuke kai ta?

Jama'a sallama. Kaka ta zo, kuma abin da na gani bara shi nake gani bana, shi ya sa na ce bari na rubuta ko Allah zai sa wani ya ji. Duk gidan da na shiga zan tarar da mata sun baje gyada a tabarma suna tsincewa, mai kyau gefe guda, wadda ta motse ko ta yi baƙi ko ta yi fumfuna gefe guda, har nan madalla na yaba. Sai in tambaya, to wannan ta kwanon fa ina za ta? Amsar kullum ɗaya ce, wai ta gida ce, za a yi ƙuli-ƙuli da ita ko kunun gyada ko a watsa wa kaji. Haba iyayena mata! Mai kyau a kai wa baƙo a kasuwa, mai guba a ɗura wa ɗan da kika haifa?

Fumfunar nan tana fitar da guba da ake kira afulatoksin, ba a ganin ta da ido, kuma wuta ba ta kashe ta. Ki soya, ki dafa, ki matse mai, tana nan, yawancinta ma a tunkuza take zama, wato daidai abin da ake murzawa a yi ƙuli-ƙuli yara su cika aljihu su tafi makaranta. A Ingila aka fara gano ta a 1960, da talo-talo wajen dubu 100 suka mutu bayan an ba su abincin da aka haɗa da gyadar Brazil. A Kenya a 2004 masara mai fumfuna ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu. Wannan kenan in an ci da yawa lokaci guda. Namu na nan kaɗan-kaɗan ne kullum, shi ya sa ba wanda yake tsorata, kuma shi ya fi ba ni haushi.

In ta shiga ciki hanta take nufa, ta je ta manne a jikin DNA, zaren nan mai tufka biyu da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Allah da ikonsa ya sa mana masu gyara a ciki. Akwai wani sinadari helikes, aikinsa kamar mai tsifar kitso ne, yana kama sili ɗaya yana bi taku-taku ta fuska ɗaya yana warware tufkar, da ya zo inda gubar ta manne sai ya cije ya tsaya, wasu masu gyaran su zo su yanke wurin, tsawon kamar harafi 30 na bayanin halitta da ke jere a jikin silin, a kwafo daidai daga ɗaya silin a cike gurbin. Ana wannan aikin a jikinki yanzu haka kina karatu. Amma fa mai tsifa ɗaya ba za ta iya da kan duk unguwa ba, yau guba gobe guba shekara da shekaru, wata rana wani wuri zai wuce ba a gyara ba, daga nan kansar hanta take farawa. In mutum yana da ciwon hanta nau'in B kuma, wanda yake da yawa a wajenmu, haɗarin ninkuwa yake sosai. Ku tambayi ma'aikatan asibiti su gaya muku yadda ake kawo magidanta ciki ya kumbura ido ya yi ɗorawa, a lokacin da ba sauran abin yi.

Na san abin da za a ce min, wai asara ce, abinci ya yi tsada, kakanninmu ma sun ci. Wallahi na sani, ni ma ɗan manomi ne, na san zafin zubar da kwano guda na gyada a wannan zamanin. Amma kwano nawa ne kuɗin gadon asibiti? Masu cewa to a ba dabba kuma, saniya ko akuya in ta ci gubar tana fita ta nono, mai shayarwa ma haka, jariri ya sha, ka ga an zagaya an dawo gida. Kuma kar maza su noƙe su ce laifin mata ne, kai maigida kai ne kake kwashe buhunan kirki ka loda a mota ka bar musu ragowa ka ce a yi maneji.

A gurguje, tunda na san ba kwa son dogon rubutu:

A cire gyada da masara a kan lokaci, kar a bar su a gona ruwan ƙarshe ya dake su.
A shanya a kan tamfol ko siminti, ba a ƙasa tsirara ba, har sai gyada tana kaɗawa a cikin ɓawo.
A daina yayyafa ruwa kafin ɓara.
Buhu a kan katako, kar ya taɓa ƙasa ko bango, rumbu kar ya yi yoyo.
Mai hali ya nemi Aflasafe, maganin rage gubar nan tun daga gona, na cibiyar binciken noma ta IITA, ana watsawa a gona sati 2 zuwa 3 kafin fure.
A kai jariri rigakafin ciwon hanta da zarar an haife shi, manya a je a yi gwaji.

Ruɓaɓɓiyar da aka tsince kuma a ƙone ta ko a haƙa rami mai zurfi a binne inda kaji ba za su tono ba. Ba ƙuli-ƙuli, ba kunu, ba miya, ba a sayar wa mai injin mai da araha shi ma ya je ya zuba wa 'ya'yan wasu. Sati mai zuwa zan sake zagayowa insha Allahu, kuma kwanon gefen tabarma zan fara dubawa kafin mu gaisa.