Me ake nufi da "rabin-ƙarfe"?

Wanda ya fara jin sunan zai zaci ƙarfe ne da aka sirka da wani abu rabi da rabi. Ba haka ba ne. Sunan ya samo asali daga yadda lantarki ke ratsa shi.

Kowane elektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki, yana da wata ɗabi'a da ake kira sifin, wadda ta mai da shi tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu mai fuskantar sama ko ƙasa. A cikin wayar jan ƙarfe, duka nau'in biyu suna wucewa daidai wa daida. Rabin-ƙarfe kuwa yakan buɗe wa nau'i ɗaya hanya, ya toshe wa ɗayan ƙofa gam. Don haka lantarkin da ya fito daga cikinsa, a lissafi, ɗari bisa ɗari fuska ɗaya yake kallo. Irin wannan lantarki ake nema ruwa a jallo don na'urorin ajiyar bayanai na kwamfuta da ba sa mantuwa ko an ɗauke wuta.

Robert de Groot da abokan aikinsa a Nijmegen ta ƙasar Holan ne suka fara nuna wannan a 1983, a kan gamin nikel da manganis da antimoni. Gamin yana cikin dangin gamin da ake kira da sunan Heusler, wato Bajamushen da ya haɗa jan ƙarfe da manganis da alminiyam a 1903, ya sami abin da maganaɗisu ke kamawa, alhali ba ya kama ko ɗaya daga cikinsu shi kaɗai.

Inda gizo ke saƙa shi ne fatar ƙarfen. Da aka auna gamin na de Groot daga samansa, fifikon fuska ɗaya a kan ɗayar bai kai kashi 60 cikin ɗari ba. Ƙwayar zarra da ke can ciki tana kewaye da maƙwabta ta kowace kusurwa, kowacce a mazauninta. Wadda ke saman fata ta rasa na samanta, sai elektiron ɗinta su sami sabon wurin zama, ƙofar da aka toshe ta fara yoyo. Iska ma takan cinye manganis ɗin da ke sama. A gamin kobalt da manganis da silikon, kobalt kaɗan ya zauna a gurbin manganis ya isa ya ɓata lamarin.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. A jami'ar Hokkaido ta Japan, a 2012, an matse siririn shimfiɗin magnisiyam oksaid tsakanin yadudduka biyu na gamin kobalt ɗin. A tsananin sanyi na kelbin 4.2, bambancin tirjiyar lantarki tsakanin sa'ad da maganaɗisun yadudduka biyun ke fuskantar wuri ɗaya da sa'ad da suka saɓa ya kusan kashi 2,000, amma a zafin ɗaki ya faɗo zuwa kusan 350. Galibin zargin ya koma kan mahaɗar gamin da shimfiɗin, inda maganaɗisun ƙwayoyin ke saurin rikicewa da zafi.

Duk da haka an ga haske. A 2014 masu bincike a Mainz ta Jamus sun auna fifikon fuska ɗaya na kusan kashi 93 a saman gamin kobalt ɗin, a zafin ɗaki, bayan sun shimfiɗa shi suka auna nan take cikin na'ura marar iska.