Taybeh: yadda ƙauyen Kiristoci ya sami suna mai daɗi

Bahaushe ba zai ji sunan Taybeh baƙo a kunnensa ba, don tushensa ɗaya da Ɗayyabu da Ɗayyaba da muke raɗa wa 'ya'yanmu: abu mai kyau, mai tsarki. Ƙauye ne a kan tudu a Yammacin Kogin Jodan, arewa maso gabas da Ramallah. Daga samansa ana hango kwarin Jodan. Mazaunansa Larabawa ne Kiristoci, 'yan Otodoks da 'yan Katolika, kuma zaitun ne babban abin da suke nomawa.

Da can ba haka ake kiransa ba. Masana da dama na ganin shi ne Ofra na Tsohon Alkawari, kuma shi ne Ifraimu, garin da Linjilar Yohanna 11:54 ta ce Yesu ya keɓe a cikinsa tare da almajiransa bayan tayar da Li'azaru daga matattu. Ba'amurke masanin Littafi Mai Tsarki, Edward Robinson, wanda ya zagaya ƙasar Falasɗinu a 1838, ya danganta ƙauyen da Ofra.

To, ina aka samo Taybeh? Mutanen garin suna cewa Salahuddin Al-Ayyubi ne ya raɗa shi wajen 1187, shekarar da ya ci mayaƙan Salibiyya a Hattin. Wai ya yada zango kusa, mutanen suka karɓe shi hannu bibbiyu. Da ya ji sunan garinsu, Afra, sai ya ƙi shi, don a kunnen Balarabe yana kama da ifiritu. Ya ce mutanen kirki irin waɗannan ba su cancanci wannan suna ba.

Labari ne na baka, kaka da kakanni. Akwai wasu garuruwan yankin masu tsohon suna irin wannan da su ma suka koma Taybeh, alamar cewa al'ada ce ta gudun mugun fata. Duk da haka ina girmama labarin. Kiristoci ne suka riƙe shi ɗaruruwan shekaru, suna alfahari cewa sarkin Musulmi ne ya shaide su da alheri.

Tsohon sunan kuwa bai mutu ba. A 1975 Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna suka kafa matsuguni kusa da ƙauyen, suka kira shi Ofra. A Yulin 2025 aka cinna wuta dab da kufan cocin Al-Khadr mai daɗaɗɗen tarihi, shugabannin coci-coci na Ƙudus suka zo da kansu, suka ɗora alhakin a kan 'yan kama-wuri-zauna.