Ra'ayoyin Abubakar Tafawa Ɓalewa kan 'yanci, ilimi, zama ɗan ƙasa da zaman lafiya

Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a ƙasar Bauchi a 1912, shi kaɗai ne ya taɓa riƙe muƙamin Firayim Ministan Najeriya, daga 1957 zuwa 1966. Malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa: ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koyar a Midil ta Bauchi har ya shugabance ta, sannan ya ƙaro ilimin koyarwa a Jami'ar Landan tsakanin 1945 da 1946. Daga wannan sana'a tunaninsa na siyasa ya samo tushe, domin a ganinsa mutanen da ba a ilimantar da su ba, ko an ba su 'yanci, wasu ne za su ci moriyarsa.

'Yancin da ya fara nema na talaka ne a gaban masu mulkinsa na gida. Littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934, ya nuna yadda bauta ke raba uwa da ɗanta. A shekarun 1940 ya kasance cikin ƙungiyar muhawara ta Bauchi tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda 'yan boko ke tattauna tsarin mulkin En'e, wato mulkin sarakuna a ƙarƙashin Turawa. A watan Agusta 1950 ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Dokokin Arewa yana neman a binciki wannan tsari a gyara shi, ya koka da cin hanci da kuma yadda talakawa ba su san haƙƙinsu ba, balle su nema. Ba ƙaramar jarumta ba ce mutumin da ba ɗan sarauta ba ya faɗi haka a wancan zamani, kuma cikin 'yan shekaru aka rage ikon da sarki ke da shi shi kaɗai, aka haɗa shi da majalisarsa wajen yanke shawara. Sai dai shi gyara ya nema, ba rushe sarauta ba, kuma a nan hanyarsa ta rabu da ta Aminu Kano da jam'iyyar NEPU.

Game da mulkin kai kuwa, yana cikin shugabannin jam'iyyar NPC ta Arewa da suka ƙi amincewa da ƙudurin 1953 na neman mulkin kai a 1956, saboda tsoron cewa Arewa, wadda aka bari a baya a ilimin boko, ba ta da isassun ma'aikatan da za su riƙe ofisoshinta. Da ya hau mulki, gwamnatinsa ta kafa kwamitin Ashby a 1959 don nazarin buƙatun ilimi mai zurfi, kuma a 1962 aka buɗe Jami'ar Legas ta tarayya, shekarar da gwamnatin Arewa ta buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Fahimtarsa ta zama ɗan ƙasa ta sauya da tafiyar lokaci. A ƙarshen shekarun 1940 yana ganin haɗin kan Najeriya shirin Turawa ne kawai wanda bai shiga zukatan jama'a ba, amma ziyarar da ya kai Amurka a 1955, inda ya ga mutane masu asali daban-daban a ƙarƙashin tuta ɗaya, ta sa ya yarda cewa tsarin tarayya zai iya riƙe ƙasar. Shi ya sa a 1957 ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa har da jam'iyyar AG mai mulkin Yankin Yamma. Duk da haka akwai giɓi babba, domin matan Arewa ba su da ikon jefa ƙuri'a a duk tsawon mulkinsa.

A harkokin waje ya tsaya kan daidaiton ƙasashe manya da ƙanana, da mutunta iyakoki, da ƙin tsoma baki a cikin gidan wani, kuma wannan matsayi ne ya yi rinjaye lokacin kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Ya tura sojoji aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango a 1960, ya yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makaman nukiliya a Sahara, ya kuma yi adawa da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A cikin gida ne aƙidarsa ta sasanci ta gamu da jarrabawar da ta fi ƙarfinta: dokar ta-ɓaci a Yankin Yamma a 1962, rikicin ƙidaya, da zaɓen Yamma na Oktoba 1965 wanda ya haifar da kashe-kashe, har masu suka suka zarge shi da jinkirin ɗaukar mataki. Kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu), sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, suka kashe shi, aka kawo gawarsa Bauchi aka binne.