Nescafe, Shayi, Goro da Lemon Enaji: A Haɗa Lissafinsu Wuri Guda

Jama'a, assalamu alaikum. Ni ma'aikacin lafiya ne a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin karkara da ke yankin Haɗejiya. A 'yan shekarun nan akwai wasu koke-koke da suka yawaita a wurinmu, musamman daga matasa masu jini a jika: barci ya ƙaurace, gaba na faɗuwa ba dalili, hannu na rawa, ƙirji na zafi, kai na sarawa da hantsi. A yi gwajin maleriya, a tarar babu. Wasu kafin su iso mana har sun fara zargin ko iska ce ta taɓa su. Idan na ce, "Malam, faɗa mini duk abin da ya shiga bakinka daga asuba zuwa kwanciya," a nan ne sau da yawa bakin zaren yake fitowa.

Ɗauki saurayin da ke noman rani a fadamar Auyo. Da asuba ya tsaya wurin mai shayi, ya ce a haɗa masa mai kauri, a sa Nescafe cokali biyu. Da hantsi abokin aiki ya miƙo masa goro. Rana ta take, ya sayi lemon enaji mai sanyi, babbar roba. Da la'asar kai ya fara sarawa, ya aika kyamis a sayo masa ƙwayar ciwon kai irin mai "extra", ya haɗiye biyu. Bayan isha'i kuma ga majalisa, ga butar ataya a kan gawayi, zagaye na ɗaya, na biyu, na uku. Ka tambaye shi, zai ce maka, "Ni ai kofi sau ɗaya nake sha a rana." Kuma gaskiya ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne, abubuwan nan biyar duk sinadari ɗaya ke aiki a cikinsu, wato kafeyin, kuma jiki ba ya tambayar ta wace hanya ya shigo. Haɗa su yake yi.

To, mu ma mu haɗa. Cokalin shayi ɗaya na garin kofi yana ɗauke da kafeyin wajen miligiram 60, idan an tula shi ya fi haka. Kofin shayi na ganye ɗaya, 40 zuwa 50. Kwalbar lemon kola, wajen 35. Ƙaramin gwangwanin enaji mai mililita 250 yakan kai 80, babbar roba kuwa sai a duba jikinta, yawanci a rubuce yake. Ƙwayar farasitamol mai "extra" kowace ɗaya tana da 65, biyu sun zama 130 ke nan. Goro guda babba yana iya kamo kofin kofi. A shekarar 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa baligi mai lafiya ba shi da matsala idan bai wuce miligiram 400 a yini ba, mai juna biyu kuma 200. Saurayin nan namu ya haura 500 tun bai gama zagayen ataya ba.

Na san abin da za a ce: aikin ne ya sa. Mai ban ruwa da dare, direban da ya kwaso kaya daga Maigatari zai sauke a Kano, ɗan acaɓa, tela a jajiberin sallah, ɗalibi mai jarrabawa, duk ba don nishaɗi suke sha ba. Ina ganin wahalarsu, kuma ba na raina ta. Amma ina so a fahimci abin da sinadarin nan yake yi, domin da yawa sun ɗauka ƙarfi yake ƙara musu.

Tun daga lokacin da mutum ya farka, akwai wani sinadari mai suna adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Yawan taruwarsa ne ke sa mutum ya ji jiki ya mutu, ido ya yi nauyi. Saƙo ne jiki ke aikowa cewa a huta. Kafeyin yana zuwa ya tsugunna a daidai gurbin da adinosin ke kamawa, sai saƙon ya kasa isa. Gajiyar tana nan, jinta ne kawai aka ɗauke. Bulala tana sa jaki ya ƙara sauri, amma ba ta zama harawa a cikinsa. Da zarar kafeyin ya sake, duk gajiyar da ta taru sai ta rufto gaba ɗaya, mutum ya sake neman wani. Da tafiya ta yi tafiya ƙwaƙwalwa takan saba, cokali ɗaya ya daina aiki, a koma biyu, a koma uku. Daga nan ba don ya ji garau yake sha ba, don ya dawo daidai da kowa ne.

Wani abu da mutane ba su sani ba shi ne daɗewarsa a jiki. Ga yawancin manya, sai bayan kamar awa biyar ne rabin abin da aka sha yake fita. Wanda ya sha enaji da ƙarfe biyar na yamma, ƙarfe goma na dare rabinsa na nan yana yawo a jini. An yi wani bincike a Amurka a 2013 da ya nuna cewa miligiram 400 da aka sha awa shida kafin kwanciya ya rage wa mutane barci da fiye da awa ɗaya. Akwai masu ce mini, "Ni ko na sha ataya ƙarfe goma sha ɗaya, ina kwanciya sai barci." Ban ƙaryata ba. Sai dai barcin ba ya nisa, motsi kaɗan ya farka, ya tashi sallar asuba jiki a mace, ya nufi mai shayi a ƙara masa cokali. Haka abin yake zagayawa.

Magunguna ma suna da hannu. Sifuro, wadda ake yawan ba masu taifot, tana hana hanta saurin fitar da kafeyin, don haka shayin da ka saba sha lafiya lau zai iya sa maka bugun zuciya a kwanakin da kake shan ta. Ƙwayoyin tazarar haihuwa na sha kullum su ma suna sa ya daɗe a jikin mace. Masu haɗa enaji da tiramol kuwa, ina roƙonku don Allah ku bari. Tiramol kaɗai tana iya jawo jijjiga, kuma wanda jijjiga ta kama yana kan babur ko a bakin rijiyar ban ruwa, sai dai addu'a.

Yanzu ga 'yan'uwana mata, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin rai biyu ne. Kafeyin yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi kuwa hantarsa ba ta yi ƙwarin da za ta sarrafa shi ba. Ita ma uwar, idan ciki ya tsufa, abin da ke fita a awa biyar sai ya ɗauki ninki biyu ko uku na wannan lokaci. Shi ya sa a ƙa'idojin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 aka shawarci duk mai cikin da ke wuce miligiram 300 a rana ta rage, domin kauce wa ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. A garuruwanmu mace mai ciki ba kasafai take shan kofi ba, goro ne. Laulayi ya sa miyau na tsinkewa, zuciya na tashi, sai surukarta ko wata gwaggo ta ce, "Ungo 'yata, ɗan tauna wannan." Da kyakkyawar niyya ake bayarwa. Amma daga ɓarin goro ɗaya sai a wayi gari ƙullin goro ba ya rabuwa da haɓar zani har haihuwa. Inna, Gwaggo, idan za ku taimaka mata, ku ba ta 'yar citta ta tsotsa, ku bar ta ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Sai batun ƙarancin jini, wanda kowace ranar awo sai mun yi fama da shi. Ganyen shayi da kofi suna ɗauke da wasu sinadarai da ke riƙe ƙarfen da ke cikin abinci su hana hanji tsotsarsa, kuma ƙarfen nan da shi jiki ke gina jini. Matar da ta ci wake ko zogale ta bi da shayi mai kauri ta yi asarar wani kaso na amfaninsa. Wadda ta kora ƙwayar ƙarin jinin da muka ba ta da ruwan shayi ita ma haka. A sha ƙwayar da ruwa zalla, a ba da tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Mai shayarwa ma ta sani cewa kaɗan daga abin da ta sha yana bin nono, kuma jariri sabon haihuwa yana daɗewa bai fitar ba. Idan yaro na ta rigima ya ƙi barci, a duba abin da uwa ke sha kafin a fara yi masa ɗure.

Masu hawan jini: kafeyin yana ɗaga jini na ɗan lokaci, don haka kada a sha shayi ko a ci goro rabin awa kafin a zo awo. Masu ƙwannafi da gyambon ciki kuma su da kansu sun san yadda kofi a cikin da babu komai yake yi musu.

Kada wani ya ɗauka yaƙi da goro na zo yi. Kakanninmu fatake sun taka har Gwanja saboda shi, yau ma daga Shagamu da sauran garuruwan kudu ake lodinsa zuwa kasuwar Mariri a Kano. Da shi ake ɗaurin aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake gaida manya. Dattijon da ke ɓara goro ɗaya ya raba shi yini guda, yana barci lafiya, jininsa daidai, ban da abin ce masa sai Allah ya ƙara lafiya. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai tara goro a kan kofi a kan enaji, yana kuma mamakin abin da ya hana shi runtsawa.

To, yaya za a rage? Kada a yanke lokaci ɗaya. Wanda ya saba da yawa ya daina kwatsam, cikin awa 12 zuwa 24 kai zai fara sara, ga kasala, ga saurin fushi, wani har da tashin zuciya. Abin yakan tsananta a rana ta biyu, ya kuma ɗauki kwana biyu zuwa tara kafin ya lafa. Dalili shi ne kafeyin yana matse jijiyoyin jini na kai, idan babu shi sai su buɗe. Kun san ciwon kan nan da ke kama mutane da yawa a ranakun farko na azumi? Ga mashaya shayi da masu cin goro, wani kaso nasa wannan ne, ba yunwa da ƙishirwa kaɗai ba. Wanda ya fara ragewa tun cikin Sha'aban yakan shiga Ramadan da sauƙi.

Sannu ba ta hana zuwa. Abin da nake ce wa masu zuwa wurina shi ne, a fara da na dare, domin shi ya fi ɓarna. Daga la'asar a rufe ƙofa: ba kofi, ba enaji, ba goro. Idan zaman majalisa ya kama, ka karɓi zagayen ƙarshe da ya riga ya salamce, ko a dafa citta da kanumfari da na'a-na'a ba tare da ganyen shayi ba, hira ba za ta ragu da komai ba. Bayan mako ɗaya a koma kan na safe: cokali biyu su zama ɗaya da rabi, sannan ɗaya, sannan rabi. Ganyen shayi a tsoma a cire, kada a bar shi yana ta tafasa har ya yi baƙi. Wanda yake son barin kofi gaba ɗaya, cikin mako uku zuwa huɗu zai iya kaiwa ba tare da ya kwanta ba. Idan kai ya sara a kwanakin nan, a sha farasitamol zalla, ba mai "extra" ba, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Kuma a cike gurbin da abinci. Da yawa daga masu neman enaji da tsakar rana yunwa ce da ƙishirwa ke damunsu, sun fita gona da ruwan shayi kawai a ciki. Kunun gyaɗa, koko da ƙosai, ɗumamen tuwo, fura da nono, su ne ke riƙe mai aikin ƙarfi. A tafi gona da jarkar ruwa. A yi ƙailula ko ta minti ashirin ce a inuwa bayan azahar. Direban da ya ji ido na rufewa ya faka ya runtsa, babu gwangwanin da zai tsaya masa a kan hanyar Gumel da tsakar dare.

Yara kuwa ba ruwansu da lemon enaji sam. Ina ganin 'yan shekara goma suna saye a bakin makaranta da ranar kasuwa saboda zaƙi da sanyi, wani lokaci ma uba ne ke miƙa wa yaro ragowar tasa. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai ɗauka lafiya shi zai hana shi barci, ya sa masa bugun zuciya, ga tulin sukari mai cin haƙora.

Akwai kuma ciwon da ba na rashin shayi ba ne, kada a zauna da shi a gida ana jiran ya wuce. Ciwon kai da zazzaɓi, a zo a yi gwaji. Ciwon kai da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi, a garzayo ko da tsakar dare ne. Mai ciki da kanta ke sarawa, idonta na ganin dishi-dishi, fuska ko hannu sun kumbura, a kawo ta a auna jininta a ranar. Haka wanda ƙirjinsa ke ciwo, numfashi na yi masa wuya, ko zuciyarsa ke tsalle har ya ji jiri, ko ya sha enaji ko bai sha ba. Idan za ku zo, ku taho da robar ko kwalin abin da aka sha, zai taimaka mana wajen sanin abin da za mu yi.