Rinin riga kala biyu a gida: ga amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita min

Tun da na rina wa 'yata doguwar rigar Sallah, sama ruwan ɗorawa, ƙasa shuɗi, ban huta ba. A gidan suna a tare ni, a kasuwar Terminus ta nan Jos a tare ni, kowa so take ta yi irinta da hannunta. Tambayoyin ba sa wuce waɗannan, kuma wallahi bakina ya gaji. Ga su nan a rubuce, wadda ta sake tambaya nan zan turo ta.

Kowane yadi ne yake kama rini?

A'a. Auduga ce ke kamawa. Yadin roba ko kwana ya yi a bokiti, wanki ɗaya zai zubar. Zaro zare daga bakin yadin ki kyasta masa ashana. In ya ci da wuta, ya yi warin takarda, ya bar toka mai laushi, auduga ce. In ya narke ya dunƙule ya yi tauri, mayar da shi akwati. Masu tsinto fararen riguna a gwanjon Katako, ku duba 'yar takardar da ke wuyan rigar kafin ku biya.

Anti, baƙar rigata nake so rabinta ya koma ruwan hoda.

Ba zai yiwu ba. Rini ba fenti ba ne, ba ya rufe abin da ke ƙasa, haɗuwa yake da shi. Sa shuɗi a kan ruwan ɗorawa, kore za ki gani. Nemi farar riga.

Zan iya amfani da tukunyar girki?

Haba, ƙanwata! Tukunyar da za ki dafa wa yara tuwo? Ware bokitin roba da muciya, kada su ƙara shiga kicin. Mai aiki da soda mai ƙuna da hodar haidros, irin haɗin masu kamfala, ta saurare ni da kyau: safar hannu ta roba dole ce, a tsakar gida ake yi inda iska ke kaɗawa, a rufe hanci. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara ruwa a kan soda, don tafasa take ta fantsamo. Tana kuma cin tukunyar dalma. Na ga hannun wata yarinya da ta tsoma ba safa, fatar yatsunta ta saɓule kamar an zuba mata ruwan zafi. A kori yara daga wurin tun kafin a buɗe leda.

Yaya zan yi layin da ke tsakanin kalolin ya fito tas, ba tare da ɗaya ta shiga ɗaya ba?

To, wannan ita ce tambaya, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Auduga tana jan ruwa kamar lagwanin fitila. Kin tsoma riga zuwa ƙugu, kin juya baya, rinin ya hau sama da yatsa biyu ko uku, bakinsa ya yi tsako-tsako. Shi ya sa salatif ba ya hanawa: saman yadin ya rufe, rinin kuwa ta cikin zare yake bi.

Gaskiyar da ba kwa son ji ita ce, yawancin rigunan da kuke nuna min a waya, masu layi kamar an ja da rula, ba tsoma su aka yi ba. Ƙyalle biyu ne, kowanne da kalarsa, tela ya haɗa. In ba a riga an ɗinka ba, ki yanka yadin, ki rina kowane ɓangare a bokitinsa, ki wanke har ruwa ya fita fari, sannan ki kai wa tela. Wannan hanyar ba ta taɓa ba ni kunya ba.

In kuwa rigar ɗinkakkiya ce, akwai dabara, sai dai ba zan yi miki rantsuwa a kanta ba. Fara rina rigar gaba ɗaya da kala mai haske, ki wanke ta bushe, amma ki tuna kalar da za ki sa a ƙasan haɗuwa za ta yi da wannan, shuɗi a kan ɗorawa kore zai ba ki. Ja layi da alli. Narkar da kyandir, ki shafa a kan layin da buroshi, faɗin yatsa ɗaya, gaba da baya, ki sa kwali a cikin rigar. Ki ɗaga ta ki duba a rana: in kyandir ɗin ya ratsa, wurin zai yi duhu kamar maiƙo. In ya zauna fari a sama, ya huce kafin ya shiga, rini zai bi ta ƙarƙashinsa. Ɓangaren sama ki cusa shi a leda ki ɗaure tamau, ki rataye rigar a sanda a kan bokiti, ƙasan kawai ya nutse, ruwan ya tsaya daidai layin kyandir. Ruwan kada ya yi zafin da zai narkar da shi. Bayan an gama, a cire kyandir da tafasasshen ruwa da sabulu, ko a goge da dutsen guga tsakanin takardu.

Duk da haka kyandir kan tsage, rini ya shiga ya bar 'yan jijiyoyi. Yadi mara kauri ya fi yarda, riga mai miƙewa ta fi gardama. In layin ya ɗan karkace, kada ranki ya ɓaci, a sa tela ya ɗora siririn ƙyalle ko zare a kai, ba mai ganewa. Amma ki fara gwadawa a tsohuwar shimi, ba a shaddar Alhaji ba.

Na tsamo shi kore, alhali shuɗi na saya. An cuce ni ne?

Ba a cuce ki ba, kwantar da hankalinki. Baza shi ya sha iska, a gaban idonki zai juye. Haka rinin baba yake yi a karofin Ƙofar Mata a Kano, haka na leda mai haidros yake yi.

Gishiri nawa?

Karanta jikin fakitin. Rinin fakiti mai suna Dylon, na yi da hannu, gram 50, yana rina busasshen yadi gram 250, da gishiri gram 250, a ruwa mai ɗumi lita 6, awa guda ana juyawa. Wato riga ɗaya. Masu tura zannuwa uku a fakiti ɗaya su zo suna ce min ya fito fari-fat, me kuke so in ce?

Ɗinkin ya ƙi kamawa, ya fito fari.

Zaren roba ne. Ba magani. Haƙuri.

Jibi ne bikin, zan iya yi gobe?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga wankin fari don fitar da sitaci, ga rini sau biyu, ga bushewa a inuwa tsakaninsu. Ballantana a nan Jos, Disamba da Janairu, ruwan da kika ɗumama kan huce kafin ki gama juyawa, rini kuwa ba ya kamawa sosai a ruwa mai sanyi ƙalau. Ki yi aikin da rana tsaka, ki naɗe bokitin da tsohon bargo. Ki ba kanki mako guda. Wannan bikin dai ki sa atamfarki.

Yana zuba a wanki.

Wankin farko dole ya zuba. Ɗauraye da ruwan sanyi har ya washe, sannan mai ɗumi da sabulu. Kada ki jiƙa ta ki tafi kasuwa, kada ki tara ta a dunƙule tana jiƙe, nan ne shuɗin ke hawa kan ɗorawar. Wurin shanya ma, mai hasken a sama, mai duhun a ƙasa, ruwan ya ɗiga ƙasa.