Neman gurbin farko a ofishin lauyoyi: tambayoyin sababbin lauyoyi da amsoshinsu

Duk lokacin da aka rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja, ana gama ɗaukar hotuna da hular gashi da baƙar riga sai tambayar gaskiya ta taso: a wane ofis za a fara aiki? Waɗannan amsoshi sun shafi Najeriya, kuma an tsara su ne domin ɗalibin lauya da wanda bai daɗe da fitowa daga Makarantar Horas da Lauyoyi ba.

Shin akwai wa'adin koyon aiki na dole kafin mutum ya zama cikakken lauya?

A Ingila akwai. Mai son zama lauyan ofis sai ya yi shekara biyu yana aiki a ƙarƙashin kulawa, kuma tun 2021 aka shigo da SQE, jarrabawar cancantar zama lauyan ofis. A Gana ma sabon lauya yakan yi wani wa'adi a hannun babban lauya. A Najeriya kuwa, da zarar an rantsar da kai, ka sa hannu a rajistar Kotun Ƙoli, ka biya kuɗin lasisin shekara, doka ta ba ka damar tsayawa gaban alƙali. Matsalar ita ce dama daban, iyawa daban.

Don haka koyon aikin yana shigowa ta ƙofa uku: zaman sa-kai a wani ofis lokacin hutun jami'a, zaman kotu da na ofis da Makarantar Horas da Lauyoyi ke tura ɗalibanta, sai shekarar bautar ƙasa. Ta ukun ce ta fi nauyi, domin ofisoshi da yawa suna ɗaukar shekarar a matsayin gwaji, a ƙarshenta su riƙe wanda suka yaba da shi.

Yaushe ya kamata in fara nema?

Tun kana makarantar lauyoyi, ko a reshenta na Bwari kake ko na Bagauda ko na Yola. Manyan ofisoshi sukan buɗe karɓar takardu kafin sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, su rufe cikin 'yan makonni. Wanda ya bari sai ya shiga sansanin bautar ƙasa yana da mako uku kacal, waya ba caji, ga fareti.

Zaman ofis da makaranta ke tura ka shi ne intabiyunka mafi tsawo, ko da ba a faɗa maka ba. Ɗalibin da ke zuwa ya sa hannu a littafi ya ɓace, an gan shi. Wanda ya roƙi a ba shi tsohon fayil ya karanta daga takardar shigar da ƙara har hukunci, shi ma an gan shi.

Babban ofis ko ƙarami?

Ya danganta da irin lauyan da kake son zama. Ofisoshi irin su Aluko & Oyebode, Banwo & Ighodalo, Templars, Olaniwun Ajayi da Udo Udoma & Belo-Osagie cibiyarsu tana Legas, aikinsu ya fi karkata ga bankuna, mai da gas, wutar lantarki, kasuwar hannun jari da cinikin kamfanoni. Suna da tsarin ɗauka mai matakai, suna duba darajar digiri sosai, kuma mai yiwuwa ka yi watanni ba ka buɗe baki a kotu ba. Ofishin da ke rayuwa da shari'a a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Jos zai iya tura ka neman ɗage zama a makonka na biyu. A can za ka san rajistara, ka san yadda ake bin sammaci har ya isa hannun wanda ake ƙara, ka ji yadda shaida ke rushewa a ƙarƙashin tambayoyi.

Ra'ayinmu shi ne a shekara biyun farko, mai gyara maka rubutu da jan biro ya fi sunan da ke jikin allon ƙofa amfani. Ka bincika wurin waɗanda suka yi bautar ƙasa a ofishin bara: an bar su sun rubuta wani abu, ko jakar oga kawai suka riƙa ɗauka?

Me zan sa a CV da wasiƙar neman aiki?

Shafi ɗaya ya ishi sabon lauya, biyu iyaka. Suna, lambar waya, imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya, jami'a da darajar digiri da shekara, makarantar lauyoyi da sakamakonta, shekarar rantsarwa. Bayan haka wuraren da ka yi zaman koyo, kuma a nan ne yawanci ake ɓata dama. "Na taimaka wajen ayyukan ofis" bai gaya wa kowa komai ba. Ka rubuta abin da hannunka ya yi: ka tsara daftarin yarjejeniyar haya, ka yi binciken kamfani a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tattara hukunce-hukunce kan beli, ka halarci Babbar Kotun Tarayya ka rubuta rahoton zaman. Gasar kotun gwaji, aikin ba da shawara kyauta a jami'a, da maƙalar da aka buga, duk su shiga. Firamare, addini da sunan ƙauye ba su da wurin zama.

Wasiƙar kuma sakin layi uku ce: wane ne kai da gurbin da kake nema, me ya sa wannan ofis musamman, me za ka iya yi musu. Sakin layi na biyu ba ya yiwuwa sai ka yi bincike. Ka san fannonin da suke aiki, ka karanta abin da lauyoyinsu suka rubuta a shafinsu, ka nemo wata shari'a da aka buga a kundayen hukunce-hukuncen kotu irin su NWLR ko LawPavilion wadda sunansu ya fito a ciki.

Ga abin da mai tantancewa ke gani kullum: saƙon imel ba take, ba gaisuwa, an liƙa fayil mai suna "Document1", a cikin wasiƙar kuma sunan wani ofis daban ne saboda an kwafo an manta ba a sauya ba. Ba ya kaiwa layi na uku. Dalilinsa mai sauƙi ne: wanda ya yi kuskure a sunan ofishin da yake roƙo zai yi kuskure a lambar ƙara. Ka mayar da takardun PDF, ka sa wa fayil ɗin sunanka, ka ba mutum biyu su karanta kafin ka aika.

Kada ka haɗa da takardar wani da ka gani a ofishin da ka yi zaman koyo a matsayin samfurin rubutunka. Sirrin wanda lauya ke wakilta amana ce da dokar shaida da ƙa'idojin aikin lauya suka kare. In ana son samfuri, ka ƙirƙiri matsala da sunayen bogi ka rubuta ra'ayin doka a kanta.

Digirina ba mai daraja ta ɗaya ba ne, kuma ba ni da kowa. Akwai fata?

Akwai, amma kada a ruɗe ka: wasu manyan ofisoshi sun sa iyaka a kan daraja ta biyu babba, kuma ba sa sassautawa. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, aiki suke dubawa. Ka je taron reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku, ka shiga dandalin matasan lauyoyi, ka zauna a kotu ko ba ka da shari'a. Ka kai takardarka da ƙafarka, ka gaida sakatare da magatakardan ofis da mutunci, domin sau da yawa ta hannunsu takarda ke isa teburin oga ko ta kwana a aljihun tebur.

Wanda ya karanta dokar ƙasa haɗe da shari'ar Musulunci a Zariya, Kano, Sakkwato ko Maiduguri yana da abin da ya kamata ya fito da shi fili. Rabon gado, shari'ar aure da riƙon yara, ƙararrakin da ke zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, har da harkar bankin Musulunci da sukuk (takardun zuba jari na Musulunci) a manyan ofisoshi, duk suna buƙatar mai karanta Larabci da fahimtar fiƙihun Malikiyya.

Yaya jarrabawar rubutu take?

Yawanci ana ba ka labarin wata matsala da ɗan lokaci, a ce ka ba da ra'ayin doka ko ka tsara takardar kotu. Misali: ɗan kasuwa ya ba da jinginar gidansa mai takardar mallaka ga banki, ba a nemi amincewar gwamna ba, yanzu ya kasa biya. Ana so ka gano cewa maganar tana kan sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ka tuna da shari'ar Savannah Bank da Ajilo, ka auna ta da bayanan da aka ba ka, sannan ka faɗi abin da bankin zai yi gobe da safe. Tsarin shi ne: batun da ake taƙaddama a kai, dokar da ta shafe shi, yadda ta hau kan wannan lamari, sai matsaya. Da yawa sukan cika shafi uku da tarihin dokar, lokaci ya ƙare ba su ba da shawara ba. Mai biyan kuɗin lauya shawarar ya zo saye.

In takardar kotu aka ce ka tsara, akwai tarkuna sanannu. Takardar rantsuwa bayanin abin da ya faru kawai take ɗauka. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana cusa mata hujjar doka, roƙo ko yanke matsaya, waɗannan wurinsu rubutaccen jawabi. Sa hannu kuma dole ya zama na lauya mai suna a rajista. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofis kawai ba ta da inganci. Ka bar wurin hatimin NBA, ka sa adireshin da za a kai wa ɗaya ɓangaren, ka tabbata sunan kotu da yankinta daidai ne.

Gargaɗi ɗaya mai girma: kada ka ƙirƙiri sunan shari'a, kuma kada ka kwafo daga manhajar ƙirƙirarriyar basira ba tare da ka buɗe hukuncin ka gani da idonka ba. In ka tuna ƙa'idar ka manta sunan, rubuta ƙa'idar ka ce za ka tabbatar da madogarar.

Me ake tambaya a intabiyu ta baki?

Ana farawa da kai: gabatar da kanka cikin minti biyu, me ya sa lauya, me ya sa nan. Duk abin da ka rubuta a CV abin tambaya ne. In ka ce kundin digirinka kan sasanci ne, ka shirya magana kan Dokar Sasanci da Sulhu ta 2023.

Sai tambayoyin tushe. Sharuɗɗan hurumin kotu kamar yadda aka shimfiɗa a Madukolu da Nkemdilim ta 1962. Wace ƙara ce ta Babbar Kotun Tarayya a ƙarƙashin sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999, wacce ce ta Kotun Ma'aikata. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga babbar kotu a shari'ar da ba ta laifi ba: kwana 14 kan hukuncin tsakiyar shari'a, wata 3 kan na ƙarshe. Kwana 21 na shigar da ƙarar zaɓe. Yadda ake gabatar da saƙon WhatsApp ko bayanin asusun banki a matsayin shaida ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida. Abin da CAMA, dokar kamfanoni ta 2020, ta sauya, kamar bai wa mutum ɗaya damar kafa kamfani mai zaman kansa. A Arewa ka san Penal Code, wato kundin dokokin laifuka na Arewa, da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta jiharka, kada ka amsa da dokar Legas a Kano.

Ofisoshin kasuwanci sukan ƙara da tambaya kan abin da ke faruwa: faɗuwar darajar naira ta shafi mai bashin dala ta yaya, me Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni. Ba ƙwarewar masanin tattalin arziki ake nema ba, ana so a ga ko kana haɗa labarin jarida da matsalar wanda za ka wakilta.

In aka tambaye ni abin da ban sani ba fa?

Ka ce ba ka da tabbas, sannan ka nuna hanyar da za ka bi: dokar da za ka fara buɗewa, ƙa'idojin wace kotu, inda za ka nemi hukunci. Mai tambayar ya san amsar, kuma yakan gane kame-kame tun daga jimlar farko. Wani lokaci da gangan zai musa maka amsar da ke daidai don ya ga ko za ka tsaya a kanta cikin ladabi, tunda alƙali ma zai yi maka haka.

Shiga da harshe fa?

Baƙar kwat ko mai duhu, farar riga, takalmi rufaffe. Mace mai hijabi ta sa baƙi ko fari marar ado. Tun 2018 ake rantsar da lauyoyi mata da hijabinsu. Ka isa da rabin awa a hannu, da kwafin takardunka a jaka. Ka amsa da Turanci ko da an yi gaisuwa da Hausa, sai in mai tambayar ne ya juya harshe. Amma ka ambaci Hausarka a CV, domin zama da mai ƙara daga ƙauye a fahimci ainihin kokensa aiki ne da ba kowa ke iyawa ba.

Zan iya tambayar albashi?

Za ka iya, a ƙarshe, kuma ya kamata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, amma sananne ne cewa akwai ofisoshin da ke ba ƙananan lauyoyi abin da bai kai kuɗin mota ba, wasu ma su ce alawus ɗin gwamnati ya ishi ɗan bautar ƙasa. Ka tambaya a fili: nawa ne a wata, wa ke biyan kuɗin zuwa kotun da ke wajen gari, wa ke biyan kuɗin lasisi da hatimi, akwai kason kuɗin fitowa kotu, wa zai riƙa duba aikinka, kuma mutum nawa aka riƙe cikin 'yan bautar ƙasar bara. Duk abin da aka amince a kai ka roƙi a sa shi a takardar ɗauka.

An ɗauke ni, saura me?

In bautar ƙasa za ka yi a wurin, ka karɓi wasiƙar da ofishin ke neman a turo ka kafin ka shiga sansani, kuma ka tabbata ofishin yana cikin jihar da aka tura ka. Bayan sansani ka kai takardar turawa su amsa da wasiƙar karɓa, ka miƙa ta ga jami'in hukumar bautar ƙasa (NYSC) na ƙaramar hukuma. Ka sanar da ofis ranar aikin al'umma ta mako da ranar tantancewar wata tun farko, don kada a sa maka shari'a a ranar. Kuɗin lasisin shekara kuma a biya shi kafin 31 ga Maris, a ajiye rasidin, domin da shi ake neman hatimin da za ka liƙa a kan takardar farko da za ka sa wa hannu.